Muryar da Kawu ya aiko a guruf kan ƙarafan da aka tono a Birni

Assalamu alaikum jama'a. To ɗana, na ga hotunan abubuwa ukun da ka ce na'urar neman zinari ta nuna maka a tsakar gidanku na unguwar Birni a Damagaram, kana tambaya ko mene ne. Wato tun da aka fara zuwa haƙar zinari a Jado a 2014 na'urorin nan suka cika Damagaram, yanzu har gindin murhu ana bi da su.

Bari in fara da babban, mai kan mace da gaggafa mai kai biyu a baya. Liyari ne, kuɗin sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza. Na ji ka ce 1780 ka gani a jiki, har kana lissafin shekara ɗari biyu da wani abu. Tsaya tukuna. A 1780 matar ta rasu, kuma duk wanda aka buga bayan nan wannan shekarar ake sa masa, ko da a zamanin Turawa aka buga shi. Fatake ne ba su karɓar wani iri sai shi, daga Turabulus har Kano, shi ya sa ba a canza ba. Saboda haka lambar nan ba ta gaya maka komai. Abin da za ka yi, ka kanga masa maganaɗisu. In ya kama, jabu ne. In bai kama ba, kai shi wurin maƙerin azurfa a Zango ya ɗora a sikeli, na gaske yana kai giram 28. Amma ka tsaya a kansa fa, kar ya ce bari ya ɗan goga da zarto ya gani. Su narkarwa suka sani, zobe da munduwa.

Kuma don Allah wannan baƙin da ya yi kar ka wanke shi da lemun tsami ko toka. Ruwa kawai, da tsumma mai laushi.

Mai hudar nan da tauraro, kwabon Ingilishi ne, daga Kano ya shigo. Suna da yawa, ba shi da wani kuɗi, ka ajiye wa yara.

Ɗan dunƙulallen mai nauyi, da ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, dalma ce, harsashin bindigar gargajiya. Wani zai ce maka na zamanin Sarki Tanimu ne da ake ƙera igwa a garin nan, ko na lokacin da Faransawa suka shigo a 1899. Yana yiwuwa. Maharbin shekaranjiya ma irinsa yake ɗurawa. Zurfin da ka same shi da abin da ke kusa da shi su ne shaida, don haka ka riƙa ɗaukar hoto tun abu yana cikin rami.

In ka ci karo da harsashi mai kwanso da bai tashi ba, kar ka ƙwanƙwasa, kira jandarma. In kuwa tukunya ce ko abu mai rubutun Larabci, ka daina tono, ka nuna wa mutanen gidan tarihi kafin dillalai su ji labari. Ka gaida mamarka.