Kada ka tura wa farfesa wannan aikin na sifilain tukuna

Ƙanena, na duba fayil ɗin da kake son haɗawa da takardar neman digiri na biyu a nan Ostiriya. Tushen daidai ne: a zaro lambar ba-zata u tsakanin 0 da 1, a zuba ta a juyayyen CDF (CDF, wato F, shi ke ba da yiwuwar cewa lamba ba za ta wuce x ba), a sami samfur daga rabon da ake so. Inda juyayyen ba shi da fomula, kamar rabon gamma, sai a kafa maki a haɗa su da sifilain, wato lanƙwasasshen layi mai santsi da ke bi ta kan makin. Amma yadda ka yi shi, wallahi a shafi na biyu za su ajiye.

Maki 20 ka kafa, tazara ɗaya, ka bi su da CubicSpline na SciPy, kundin lissafi na Python. Juyayyen CDF hawa kawai yake yi, ba ya sauka, shi kuwa sifilain ɗin gama-gari babu ruwansa da wannan, yana iya lotsawa tsakanin maki biyu. Shi ya sa gamma ɗinka ke fitar da lambobi ƙasa da sifili, abin da ba ya yiwuwa. Koma PCHIP, sifilain da ba ya lotsawa in makin hawa suke yi; Fritsch da Carlson sun shimfiɗa sharuɗɗan hana lotsawa tun 1980.

Wutsiya ta fi damuna. Gangaren juyayyen shi ne 1/f (f ita ce gangaren F), don haka inda f ta ƙanƙance, dab da u = 1, layin miƙewa yake yi tsaye, kai kuma nan ne ka bari fayau babu maki. Bari kuskure ya zaɓa maka wuri: a tsakiyar kowane gurbi lissafa |u − F(G(u))|, G shi ne sifilain ɗinka. In ya haura iyakar da ka sa, raba gurbin biyu, ka sake aunawa. Ka kuma rubuta inda ka datse wutsiyar.

Zanen da ka ce "ya yi kama" ba hujja ba ne. Ko gwajin Kolmogorov-Smirnov, mai auna tazarar samfur da CDF na gaskiya, da samfur miliyan ɗaya ba ya ganin kuskuren da ya gaza kusan 0.001.

Sannan SciPy tana da NumericalInversePolynomial, daga aikin Derflinger, Hörmann da Leydold na 2010, iyakar kuskurenta 10⁻¹⁰ ba tare da ka taɓa komai ba. Shi Leydold a Biyana yake, nan Ostiriya. Tambayar farko da za a yi maka ita ce me naka ya fi wannan da shi. Auna su biyun, gudu da kuskure, ka ɗaure seed (lambar da injin ba-zata ke farawa da ita), ka sa sakamakon a tebur ɗaya, sannan ka sake turo mini.