Firiza ta daina ƙanƙara: kafin a ce miki gas ne ya ƙare

Wata 'yar'uwa daga Gusau, mai sana'ar zobo da kunun aya, ta rubuto cikin damuwa. Firjinta mai ƙofa biyu ne, irin wanda ba ya tara ƙanƙara. Wata rana sai komai ya daskare har tumatir a ƙasa, washegari kuma kunun ya kwana da ɗumi. Lambobin da ke jikin ƙofa suna ƙyaftawa. Mai gyara ya zo ya ce gas ne, ta biya, abin bai sauya ba.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, firjin bai mutu ba. Firjin da yake daskarar da tumatir yau ba gas ya rasa ba. Wanda gas ɗinsa ya zube sanyinsa raguwa yake yi a hankali, ba ya dawowa. Abin da kika bayyana ya fi kama da lalacewar sensa, ɗan ƙaramin abu mai waya biyu da ke gaya wa allon lantarki yawan sanyin da ke ciki. In ya yi ƙarya, sai injin ya yi ta aiki ba hutu, ko ya tsaya alhali ciki da ɗumi.

Gwajinsa ba wuya. A zare wuta, a ciro sensan, a ɗora masa mita, wato na'urar awo ta masu gyaran lantarki. In an riƙe shi a tafin hannu lambar za ta sauka, in an tsoma kansa a ruwan ƙanƙara za ta hau. A yawancin firjin Samsung mitar tana nuna kusan 5k, wato ohm dubu biyar, a zafin digiri 25, ta kai wajen 13k a ruwan ƙanƙara. Wasu kamfanonin da na 10k suke aiki. In lambar ta ƙi motsi, ko mitar ta nuna babu komai, ya mutu. In kuwa lafiyarsa ƙalau, a duba mahaɗar wayar ko ta yi tsatsa, sannan fanka da hitar da ke narkar da ƙanƙara a bayan bangon cikin firizar. Ki sa a yi gwajin a gabanki.

To, bari in tsaya kan maganar gas ɗin nan, don ta ishe ni. Gas ɗin firji ba na girki ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. Zagayawa yake yi a cikin bututu rufaffe, shekara da shekaru. In ya ragu, akwai huda, kuma wanda ya zuba sabo bai toshe hudar ba ya san zai dawo ya sake karɓar kuɗi. Mai gyaran da ya shigo da tukunyar gas amma babu mita a jakarsa, ku ba shi ruwa ya sha, ku sallame shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu zuba duk gas ɗin da ya zo hannunsu. A bayan kowane firji ko a cikinsa akwai takarda da ta faɗi irin nasa, R600a ko R134a, da nauyinsa a giram. Ba a musanya su, kuma R600a yana kama wuta. Akwai kuma masu yanke sensan su haɗa injin kai tsaye, su ce an gyara. Sanyi zai zo kam, amma injin ba zai ƙara hutawa ba har ya ƙone, sai ku koma sayen kwamfireso, wato injin, saboda abin da ba shi da tsada. Su ma kayan gyaran, jabu ya cika kasuwa. A je da tsohon sensan da lambar firjin, kar a karɓi “ai duk ɗaya ne”. Na 5k da na 10k kamanninsu ɗaya a ido, amma in an sa wanda ba shi ba, allon zai riƙa karanta sanyin da babu shi.

Wani malami daga Zariya yana tambaya inda sensan dif-firizarsa yake, irin mai murfi a sama. Malam, yawancin waɗannan ba su da shi. Tamostat ne da su, wanda ake murzawa daga 1 zuwa sama. Shi za a duba, tare da robar murfin.

Wani matashi kuma yana so ya san ko zai iya ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa don ya kai ga sensan. A'a. Ka kashe firjin, ka buɗe ƙofa, ka jira. Sau nawa za a faɗa?

Ta ƙarshe amarya ce daga Sakkwato, tana tsakanin sabon firji ƙarami da babba na gwanjo mai lambobi a ƙofa, tana tsoron a yi mata dariya in ta ɗauki ƙarami. 'Yata, masu dariyar ba su za su biya mai gyara ba. Ki duba takardar bayan firjin: in an rubuta N, an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST kuma 38. Ke T kike bukata, mai jure 43, kin dai san yadda Afrilu yake a garinku. Firji mai allon lantarki ba ya son wutarmu mai zuwa rabi-rabi, kuma in allon ya ƙone, samun irinsa sai an wahala. Ki ɗauki ƙaramin, canjin da ya rage ki sayi sitabilaiza mai jinkirta kunnawa na 'yan mintuna bayan an kawo wuta. In kin samu ɗan ma'aunin sanyi, ki ajiye shi a ciki: firiza ta tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili, ɓangaren ƙasa kuma wajen 4.