Amsa ga Kawu kan haƙorin dashe da ya fara girgiɗi

Salamu alaikum Kawu, barkanku da dare, ya jikin Inna? Yanzu na fito daga asibiti na saurari muryarku a gurup. Kun ce haƙorin da aka dasa muku shekara biyu da suka wuce, turmin nan na ƙasa, ya fara girgiɗi in kuna tauna, amma ba ciwo ba jini ba kumburi, kuna tsoron ko dashen ne ya lalace gaba ɗaya.

To Kawu ku kwantar da hankali tukuna. Abin nan hawa uku ne. Akwai ƙarfen taitaniyom da aka ɗaura cikin ƙashin muƙamuƙi, shi ƙashi ke kamawa ya manne da shi, wani likita ɗan Siwidin, Branemark, shi ya fara sa wa mutum irinsa a 1965. A kansa akwai wuya, mu muna ce masa abotmen, sai hular haƙorin da kuke gani a sama. Abin da ya riƙe wuyan da ƙarfen wani ɗan siririn noti ne, kaurinsa bai fi milimita 2 ba, kuma yadda kuka kwatanta ɗin nan ni shi nake zargi.

Notin in an ɗaure shi yana ɗan miƙewa ne kamar sifirin, wannan jan shi ke matse ƙarafan biyu wuri ɗaya. Shi ya sa ba a ɗaure shi da ƙiyasin hannu, akwai ɗan sifana mai awo, kamfanoni da yawa niyuton-santimita 30 zuwa 35 suke cewa, ma'aunin ƙarfin ɗauri kenan, kowa dai da nasa. Kuma bayan minti goma ya kamata a sake ɗaurewa saboda fuskokin ƙarfen suna zaunawa matsin ya ragu, kamar dai yadda kuke sa a ƙara bin notocin taya bayan an yi faci an ɗan yi tafiya.

Sannan ga wani abu da mutane ba su sani ba, haƙorin da Allah ya halitta yana da wasu zaruruwa tsakaninsa da ƙashi, suna yi masa kamar shokozoba, kuma su ke sanar da mutum ya ciji tsakuwa ya sassauta. Na dashe ba shi da su sam. Duk ƙarfin cizo a kan mahaɗar wuyan da ƙarfen nan yake sauka, kuma a turmi cizon babban mutum yana kai nauyin kilo 50 har ya wuce. In daga sama yake saukowa tsaye ba matsala sosai, na gefe shi ne mugun, yana lanƙwasa wuyan yana buɗe mahaɗar kaɗan kaɗan. Ko a gwajin masana'anta karkatar da dashen ake yi digiri 30 a yi ta dannawa sau miliyoyi. Yanzu ku tuna goro da kilishi da aya da ƙashin kaza, ni na san Kawu da goro, ga masu cizon haƙora cikin barci su ma.

Ƙirar mahaɗar ma tana da tasiri, tsohon samfuri mai kusurwa shida a waje ya fi saurin kwancewa, wanda wuyan ke shigewa ciki kamar mazurari ya fi zama daram.

Abin da ke damuna shi ne jinkiri wallahi. Noti in ya kwance ana ci gaba da tauna a kai gajiya yake ya karye a ciki, ciro guntun nan aiki ne mai wahala, wani lokaci har zaren da notin ke bi a cikin ƙarfen ya lalace. Ga ƙwayoyin cuta suna shiga ta ratar su kawo wari da kumburin dasashi, ƙashi ya fara zaizayewa.

Don Allah daga yau ku koma tauna ta ɗaya gefen, kar ku riƙa taɓa shi da harshe ko yatsa. Cikin satin nan ku koma wurin wanda ya yi aikin, a ɗauki hoton ƙashi (X-ray) a tabbatar ƙarfen cikin ƙashi lafiya yake, don in shi ne ke motsi wannan maganar daban ce. Ku tafi da katin da ke ɗauke da sunan kamfanin dashen, in za a canza noti ku ce na kamfanin kuke so, kuma a duba cizonku ko hular ta fi sauran tsawo a ɗan rage ta. In kun samu hoton ku turo min ta firabet in gani.