Na sayi fili a tsakiyar gandun dajin Montana, an ce ba zan yi hanya ba

Tambaya: Barista, ina zaune a Amurka. Na sayi fili eka 40 a yammacin jihar Montana, gandun dajin gwamnatin tarayya ya kewaye shi ta ko'ina. Dillali ya ce akwai tsohuwar hanya, da na je sai na tarar ciyawa da ƙananan itatuwa sun cinye ta. Jami'in gandun daji ya ce wurin yana cikin yankunan da aka hana yin hanya. Zan iya kawo katafila in share ta? Na kuma ji ana shirin soke dokar. Ko in jira?

Amsa: Malam, don Allah kada katafila ta taka wurin nan. Share hanya a gandun dajin tarayya ba da izini ba laifi ne da zai iya jawo tarar da ta kai dala 5,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun, sannan a sa ka biya kuɗin mayar da ƙasar yadda take. Tsohuwar hanyar ma ba ta wanke ka. Idan ba ta cikin jerin hanyoyin da hukumar gandun daji ta amince da su, buɗe ta daidai yake da yin sabuwa a idon doka.

Dokar da jami'in yake nufi ta fito ne a Janairun 2001, kwanaki kaɗan kafin Shugaba Clinton ya sauka. Ta hana yin hanya da yawancin sarar katako a eka miliyan 58.5, kusan kashi ɗaya cikin uku na gandun dajin tarayya. An daɗe ana shari'a a kanta. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na 10 ta tabbatar da ita a 2011 a ƙarar da jihar Wyoming ta shigar, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron maganar a 2012. Idaho ta samu nata tsarin daban a 2008, Colorado a 2012, amma Montana ta ci gaba da zama ƙarƙashin dokar 2001 ɗin.

Duk da haka kana da hakki, kuma ba ƙarami ba ne. Dokar 2001 da kanta ta keɓe hanyar da wata doka ta majalisa ta wajabta, kuma akwai irin wannan doka: dokar kare filayen Alaska da ake kira ANILCA, ta 1980, sashe na 1323(a). An yi ta ne domin Alaska, amma tun 1981 kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na 9, wadda Montana ke ƙarƙashinta, ta ce sashen ya shafi gandun dajin ƙasar baki ɗaya. Sashen ya ce dole a ba mai fili irin naka mashigar da za ta ishe shi ya ci moriyar filinsa daidai gwargwado.

A kan kalmar nan ta "ishe shi" mutane suke yin asara. Doka ta yi maka alkawarin mashiga, ba ta yi maka alkawarin hanyar mota ba. Hukuma ce ke zaɓar inda za a bi da abin da za a bi da shi, kuma tana auna hakan da yadda ake amfani da filaye makamantan naka a yankin. Idan maƙwabta suna da gidaje da mota ke kaiwa, hujjarka ta yi ƙarfi. Idan bukkokin farauta ne da ake zuwa a ƙafa ko a kan doki, kai ma abin da za a iya ba ka ke nan. Haka kuma idan akwai yiwuwar bi ta filin wani mutum, sai ka nuna ka nema ka rasa kafin a ba ka ta cikin daji. Saboda haka duk wanda ka roƙa, ka roƙe shi a rubuce, ka adana amsarsa.

Ka fara da takardu. Je ofishin rajistar filaye na gundumar, ka bi tarihin mallakar filin har zuwa takardar farko da gwamnatin tarayya ta bayar, ka duba ko an taɓa rubuta hakkin wucewa. Idan ka yanki inshorar mallaka lokacin saye, karanta ta da kyau, domin da yawansu suna ɗaukar nauyin rashin mashiga ta doka sai in an cire shi ƙarara. Abin da dillali ya faɗa maka kuwa, in yana cikin talla ko saƙon imel, kada ka goge.

Daga nan ka nemi zama da shugaban ofishin gandun daji na yankin kafin ka cike komai, sannan ka shigar da fom ɗin neman izini mai lamba SF-299 tare da taswirar safiyo: tsawon hanya, faɗinta, gangarenta, da kowace ƙorama da za ta tsallaka. Wurin tsallake ruwa ne ya fi jawo jinkiri. Kwalbati ƙarama tana toshewa idan ƙanƙara ta narke, ruwa ya yanke hanya ya kwashe laka zuwa inda kifi ke zuba ƙwai, don haka hukuma takan tsaya kai da fata a kan girmanta, wani lokaci har da izinin dokar tsaftar ruwa. In wurin mazaunin dabbar grizzly ne, wato wani nau'in babban beyar, sai an tuntuɓi hukumar kifi da namun daji, kuma ana iya sa maka ƙofa da kwaɗo, a ƙayyade watannin da za ka bi. Kuɗin nazarin muhalli, na gini, na gyara da na hayar ƙasar duk daga aljihunka za su fito. Ka shirya wa watanni masu yawa, har ma shekaru.

Batun jira kuwa, ban ba ka shawararsa ba. Gaskiya ne a Yunin 2025 Sakatariyar Noma Brooke Rollins, wadda hukumar gandun daji ke ƙarƙashin ma'aikatarta, ta sanar da shirin soke dokar, aka kuma buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a a ƙarshen Agusta. Ka sa lauyanka ya duba inda maganar ta kwana a mujallar dokokin tarayya. Amma ko an soke, izini yana nan, nazarin muhalli yana nan, tsarin da kowane gandu yake da shi na kansa ma yana nan. Dajin Tongass na Alaska an cire shi daga dokar a 2020, aka mayar da shi a 2023. Wanda ya dogara da sauyin gwamnati a can ya ga yadda abin yake juyawa. Ni a ganina dokar tana da amfani, domin garuruwa da dama daga waɗannan dazuzzuka suke samun ruwan sha, kuma ba ita ce ta tsare maka hanya ba.

Idan an hana ka, ko aka ba ka abin da bai isa ba, kana iya zuwa kotun tarayya, sai dai za ka nuna cewa hukuncin ba shi da tushe, kuma alƙalai sukan ba ra'ayin hukuma nauyi. In kuma ka gano tsohon hakkin wucewa a takardu, ƙarar tabbatar da shi tana da wa'adin shekara 12, ana ƙirgawa daga ranar da kai ko wanda ya riga ka mallaka ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa gwamnati na musun hakkin. Wata ƙofa da aka girke a bakin hanyar tun zamanin mai filin na baya tana iya zama ta fara cin wa'adin. Ka tambayi wanda ya sayar maka yaushe aka rufe ta, ka kai amsar wurin lauya mai lasisin Montana wanda ya saba da shari'ar filayen gwamnati, ka kuma tambaye shi batun musayar fili da hukumar ko sayar mata da shi.