Sunan Wa Ke Kan Katin Bayani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai karatun zane. Na lura a gidajen tarihin Turai, in aikin Bature ne sai a sa sunansa da shekara a katin bayanin da ke kusa da aikin, in na Afirka ne sai a rubuta sunan ƙabila kawai. Rashin sani ne ko ganganci? Yaya ake gyarawa?

Amsa: Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Duka biyun akwai. Yawancin kayan nan sojoji da 'yan mishan da jami'an mulkin mallaka ne suka kwaso, kuma ba su damu da tambayar wanda ya yi ba, domin a idonsu samfurin al'ada ne, ba aikin wani gwani ba. Alhali gwanayen suna da suna. Olowe na Ise, masassaƙin Yarabawa da ya rasu wajen 1938, an gano ayyukansa ta salon hannunsa da kirarin da ake yi masa, har gidan tarihin Smithsonian na Amurka ya yi baje koli da sunansa a 1998.

Gyara daga lamba yake farawa. Ki juya kayan, galibi a ƙasansa ko bayansa za ki ga lambar da aka rubuta da tawada. Ita za ta kai ki rajistar gidan, inda aka rubuta wanda ya kawo, da shekara, da ko saye ne ko kyauta. Daga nan sai a bi sunan mutumin a wasiƙu, da takardun gwanjo, da bayanan soja. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne a tsaya kan dillalin ƙarshe. Rajista za ta ce an sayi allon tagulla a Landan, ta yi shiru kan cewa sojojin Birtaniya ne suka kwashe shi daga fadar Oba, sarkin Benin da ke Najeriya ta yau, a 1897. Gidan tarihin Birtaniya kaɗai na riƙe da irin kayan nan sama da 900.

A kan katin, kada a ce "ba a san mai aikin ba", domin mutanensa sun san shi. A ce "ba a rubuta sunansa ba". In an san gari ko ƙungiyar masu sana'ar, kamar maƙeran Igun Eronmwon na Benin, a sa su gaban sunan ƙabila. Kalmar "an samo" kuwa rufa-rufa ce, a faɗi wanda ya ɗauka da yadda ya ɗauka. Duka rubutun katin kada ya wuce kalma 60, don mai kallo a tsaye yake.

Tambaya: Malam, a 2022 Simone Leigh da Sonia Boyce, dukansu masu fasaha mata baƙar fata, sun lashe manyan kyaututtukan baje kolin fasaha na Venice a Italiya. Shin wannan bai nuna maganar watsi da masu fasaha baƙar fata ta ƙare ba?

Amsa: Abin farin ciki ne, ɗan'uwa, amma da sauran rina a kaba. Baje koli na 'yan watanni ne, a naɗe tabarma kowa ya kama gabansa. Abin da gidan tarihi ya saya da kuɗinsa shi ke zama. Wani bincike na 2019 a manyan gidajen adana kayan fasaha 18 na Amurka ya nuna kashi 85 cikin ɗari na masu fasahar da aka tara ayyukansu farar fata ne, kashi 87 kuma maza. Ka nemi rahoton shekara na duk gidan tarihin da kake son aunawa, ka ƙirga ayyukan da aka saya, sannan ka shiga babban zaure ka ga nawa ne ke rataye a bango, nawa ke kulle a sito.