Ciwon wuyan da ka ɗora wa keken ɗinki laifinsa

Ka ce wata huɗu ke nan dokin wuyanka da kafaɗarka ta dama suna maka ciwo, ka sha magani, ka shafa man zafi, abin bai bari ba, kana tambaya ko keken ne ya yi maka ƙasa. Ajiye almakashin nan ka saurare ni, ɗana, domin ka fama mini tsohon gyambo.

Keke yana da nasa laifin. Kan babban mutum ya kai kilo 5, kuma ƙasusuwa 7 ne kacal a wuya suke ɗauke da shi. In kanka a miƙe yake, nauyin kan ƙashi yake sauka. Da ka sunkuya kan allura sai ya koma kan tsokar nan da ta taso daga ƙeya, ta bazu kan kafaɗu, ta gangara tsakiyar baya. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa sunkuyon digiri 30 yana ɗora wa wuya kamar kilo 18, na digiri 60 kuma kilo 27. Haka kake wuni, ita kuwa kafaɗar dama tana rataye tana tura yadi. Maganar tsayin kujera da haske a kan allura ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda ya shekara biyu a gabana bai san wannan ba bai san komai ba.

Abin da ba ka sani ba shi ne wanda ya kwantar da ni.

Wani mutum ya taɓa zuwa mini da kwangilar yunifom na ma'aikata, saiti 300, a cikin mako uku. Mutum ne mai daɗin baki, ga shiga ta kamala. Ya ce ya zagaya teloli, kowa ni yake nuna masa, kuma ba ƙarya ya yi ba, a lokacin babu mai zaunar da wuyan riga kamar ni. Na nemi kafin alƙalami, ya ce ai su ma sai an kai kaya ake biyansu. Na yarda. Babu takarda, babu shaida. Yadin da kuɗina na saya, da ba su isa ba na ci bashi. Kwana 21 ni da yarana ba mu yi barcin da ya wuce awa uku ba. Kowane aljihu sai da na duba shi da idona, wanda ya karkace na farke aka sake. Ya zo ya kwashe rabi, ya dawo ya kwashe sauran, yana ta sa albarka, ya ce jibi zai zo da kuɗi. Jibin nan har yau ba ta zo ba. Daga baya na samu labarin an biya shi tun kafin ya tako ƙofata.

Mai yadi ya matsa mini lamba. Na sayar da kekena na farko, wanda na koyi aiki a kansa, wanda bai taɓa tsinke mini zare ba. Yarana biyu da suka ƙware suka tafi, don ba ni da abin sallamarsu, kuma ban ga laifinsu ba. Har gobe in na ga irin wannan yadin sai zuciyata ta tafasa.

To lura da nan. A kwana 21 ɗin da na yi a sunkuye, gajiya kawai na ji. Wuyan bai ƙage ba sai bayan da aikin ya ƙare, ina zaune ina kiran lambar da ba ta shiga. Wata safiya na tashi ban iya waiwayawa ba, sai dai in juya da jikina gaba ɗaya. Ciwon ya hau ƙeya, ya zagayo goshi kamar an ɗaura mini igiya. Na ɗaga kujera, na sake matashin kai, an yi tausa, an gasa da ruwan ɗumi, sai in samu sauƙin kwana biyu ya dawo. Wata bakwai ban yi yanka mai kyau ba, masu kawo mini ɗinki suka watse. Asarar nan ta fi kuɗin yunifom ɗin ci mini rai.

Aka yi hoton ƙashi ba a ga wani abin kirki ba, aka tura ni wurin likitan gashin ƙashi. Kafin ya taɓa ni sai ya tambaye ni yadda nake barci, da abin da nake tunani in na farka cikin dare. Na ba shi labarin mutumin nan. Ina cikin magana ya tsayar da ni gaban madubi, sai ga kafaɗuna sun ɗago sun kusa taɓa kunnuwa, muƙamuƙina a ɗaure, ni ban ma sani ba. Ya ce in rai ya ɓaci ko tsoro ya kama mutum, jiki yana sakin sinadaran adirenalin da kotizol, tsoka ta ɗaure kamar za a yi dambe. In abin ya wuce sai ta saki. Ni kuwa nawa bai wuce ba, kullum ina kokawa da mutumin da ba ya nan. Numfashina ya koma gajere daga saman ƙirji, tsokokin wuya ke jan sa. Da dare ina cizon haƙora. Rashin barci kuma yana ƙara wa jiki jin zafi. Ciwon da ya haura wata 3, jijiyoyi kan saba da shi, abu kaɗan sai su ɗauka da zafi. Ciwo ne na gaske, ba raki ba. Sunkuyo ya raunata tsokar, ɓacin rai ya hana ta warkewa. Sai da na haɗa motsa wuyan da tafiyar ƙafa da barci a kan lokaci, na kuma zauna da mai yadi muka tsara biyan bashin, sannan na fara waiwaye.

Ku yaran yanzu ga ku da ƙuruciya amma wuyanku ya riga ya tsufa. Ka tashi daga kan keke, maimakon ka miƙe ka juya kafaɗu, sai ka sunkuya kan waya, sunkuyon da ya fi na allura. Ka kwanta da ita har tsakar dare kana kallon abin da tsaranka suka mallaka, kana ƙuna a zuci. Ina kuma ganinka kana maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa kana ɗinki, kuma kafaɗar daman ce. Duk rabin awa ka tashi ka motsa, ba na son sai na faɗa. Kuma wata huɗun nan na lura ka daina hira, ka yi kuskuren awo sau biyu. Akwai abin da ke cin ka. In bashi ne ko rigimar gida, ka same ni bayan an tashi.

Amma kada ka ji labarina ka ɗora komai a kan damuwa. In hannu ya fara mindirya, ko ya yi sanyi har almakashi yana suɓuce maka, wataƙila jijiya ce ta matse a wuya, asibiti za ka. Wuya ya sage tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, ana tsoron sanƙarau, ba a kwana da shi. Ciwon kafaɗa ko hannun hagu da nauyin ƙirji da gumi, zuciya ake zargi, a tafi nan take. Naka ma tunda ya wuce wata 3, gobe da safe ka je a duba ka, na ɗauke maka aikin. In ka dawo ka kawo mini kujerar taka in gani.