Ga mai tambaya kan littafin godiya na taron Sallah

Wallahi 'yar uwa, ina karanta tambayarki sai da na ajiye wayar. Kin ce kina son ɗinka littafi da hannunki, kowa ya rubuta abin da ya gode wa Allah a kai idan an haɗu a gidan surukai da Sallah, amma kina tsoron a ce fi'ili ne. Za a ce ɗin, ki shirya. Ni a kan idona aka faɗa.

Da babbar Sallar 2023 na fara. Farar takarda ashirin na samu, na ninka biyar-biyar, na huda wuri uku a tsakiya da basilla, na ɗinke da zaren masu gyaran takalmi. Bangon kwali ne, na lulluɓe shi da ragowar atamfar ankon da muka ciro a Kantin Kwari. Hajiyar maigidana ba ta boko, sai na zauna a gefen tabarmarta tana faɗa ina rubutawa. Ta gode wa Allah da ya nuna mata jikoki goma sha ɗaya, ta ambaci kowa da sunan da take kiransa, sannan ta karɓi biro ta sa sunanta da ajami, hannunta na rawa.

Na shiga ɗaki in yi la'asar ke nan. Ina fitowa na tarar facalata ta yage shafi huɗu tana ƙunsa wa yara soyayyen nama. Har da na Hajiya! Na ce, “Yaya, me ya kawo haka?” Ta ce ai ta ɗauka littafin wasan yara ne, tana dariya. Matar da tun safe take cewa boko ya yi mini yawa! Na bi yaran har zaure na karɓo takardar, mai ya jiƙa ta sharkaf, rubutun ya baje. Ban ce uffan ba, don kada a ce na ɓata Sallah, amma ranar ko tuwo ban iya ci ba. Hajiya ba ta ga wata Sallar layya ba, Allah ya jiƙanta. Facalar nan har yau ba ta ce in yi haƙuri ba. Muna gaisawa dai.

Don haka kada ki ajiye shi kusa da inda ake suya, kada kuma ya bar hannunki. Ki fara da tsofaffi, in suka yi kowa zai bi. Kada ki ba da alƙalamin maka, tawadarsa tana hudowa ta bayan takarda, biro ya isa. Ki yi shi da hantsi, don samari da an yi azahar sun gudu kallon Hawan Daushe. Kuma ki faɗa tun farko godiya ake rubutawa, wata za ta iya cusa habaici a ciki. Af, ki sa shekarar Hijira da ta Miladiyya a shafin farko.

Na biyun da na yi, Kasuwar Kurmi na kai wa dukawa suka yi masa bangon jar fata da igiyar ɗaurewa irin ta gafaka. Cikin akwatin ƙarfe nake ɓoye shi saboda gara da laimar damina. Shafin Hajiya mai man nan na sa shi a leda, na liƙa a cikin bangon.